Ƙwai Biyu da Cukwi don Iya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Mun dawo daga asibiti. Iya ta sake sauka a sikeli, kilo biyu cikin mako uku. Likita ya ba mu zuwa ranar 19 ga wata. In aka ɗora ta ranar aka ga ta ƙara raguwa, za su zura mata roba ta hanci, ta nan za a riƙa ɗura mata abinci. Ya faɗa da Hausa, mijina Umara ya juya mata da Kanuri, ita kuma ta juya fuskarta ga bango. Ta san robar. Ta gan ta a hancin matar da ke gadon kusa da nata lokacin da aka kwantar da ita.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko kaina ya sarara. Wata biyu ke nan da ɓarin jikin uwar mijina na dama ya shanye. Iya, wato Ya Falmata mai turaren wuta, wadda duk unguwar nan ba a aurar da yarinya sai an zo ta haɗa mata humra, yau sai an ɗaga ta an zaunar. Hausarta ta tafi gaba ɗaya, sai Kanuri ya rage, shi ma a kakkarye. Ni kuma shekarata goma sha ɗaya a Maiduguri, Kanurina bai wuce gaisuwa ba. Kowa Hausa yake min, ta ina zan koya? Haka dai nake kare kaina.

Likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau, sun gwada, tana haɗiya. Ƙi kawai take yi. A hannun ɗanta takan karɓi cokali uku ko huɗu, a hannuna sai kurɓin ruwa da magani. Umara kuma gobe da sassafe zai koma aiki Damaturu, sai Juma'a. Yagana ƙanwarsa tana Kaduna. Saura ni.

Talata, 6 ga Mayu

Kunun gyaɗa, ta rufe baki. Biski da miyar yakuwa, ko kallo. Na sa mata cokali a hannunta na hagu mai lafiya, ta sake shi ya faɗi a tabarma.

Laraba, 7 ga Mayu

Akwai wata kalma da take ta maimaita min duk lokacin da na zo da faranti. Bakin ya karkace, ba ta fita sosai, amma na ji kamar "musk... musk". Na ce shi ke nan, miski take so. Mace mai turare, wata biyu tana kwance cikin warin man zafi, ai dole. Na buɗe akwatinta na ciro kwalbar miski na shafa mata a wuya da bayan kunne, na tayar da gawayi na zuba turaren wuta har ɗakin ya turnuƙe. Na tsaya ina jiran a yaba min.

Irin kallon da ta yi min, na san shi tun ina amarya. Ciwo bai taɓa shi ba.

Na kira Umara na kara mata waya a baki. Ya saurara, sai ya yi 'yar dariya. "Lauratu, ba miski ba ne, musko take cewa. Hannu ke nan." Shekara goma sha ɗaya ban san sunan hannu ba. Muka yanke cewa hannun ne yake mata ciwo, na shafa mata man zafi a kan miskin. Abincin rana ya koma kicin yadda ya fito.

Alhamis, 8 ga Mayu

Malam Pindar ya zo, mai koya mata motsa jiki. Mutumin Biu ne, ba ya gajiya da magana. Ya lanƙwasa mata yatsu, ya sa ta matse ƙwallon roba. Babban yatsa da manuni sun fara ɗan kamawa, sauran ukun suna kwance abinsu. Ya ce hannun bai kamata ya yi ciwo haka ba, amma a ci gaba da shafawa.

Da na kai masa kukan abinci sai ya ce, "Madam, ki ba Mama ƙwai mana. Ga laushi, ga gina jiki, ga shi ya fi nama araha. Ki sa cukwi a ciki in kin samu, ko loma biyu ta ci ta ci abu."

Dariya ta ƙwace min, ya tsaya yana kallona. Bai san gidan da ya shigo ba. A gidan nan ƙwai ba ya shiga kasko. Makona na farko da tarewa na soya wa Umara wainar ƙwai da safe, irin yadda muke yi a gidanmu a Kano, ina jin kaina. Iya ta fito ta shaƙi iska sau ɗaya, ta sa aka sauke labulaye aka wanke, kwana uku tana turara tsakar gida. Ta ce ƙarni yana kama kayan sana'arta. Tun daga nan sai ta tafi biki nake soyawa a ɓoye, in wanke komai da toka, amma tana sallama za ta ce, "Yau an yi baƙo mai ƙarni." Ba ta taɓa zagina ba, gaskiya. Ba ta kuma taɓa cewa girkina ya yi daɗi ba.

To yanzu dai dabarata ta ƙare. Ƙwai za a gwada.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na aika aka sayo min cukwin kanti, irin ƙananan nan masu kusurwa uku a cikin takarda mai ƙyalli. Kuɗin guda biyu ya isa ƙwai huɗu. Ya narke a cikin wainar ya yi yauƙi, ya maƙale a cokali. Iya ta kau da kai tun daga bakin ƙofa. Ni na cinye a tsaye a kicin, ina jin haushin kuɗin.

Umara ya iso da la'asar. Cokali huɗu na kunu a hannunsa, ya fito yana murna kamar ya ci jarrabawa. 

Asabar, 10 ga Mayu

Tunda yana gida, na hau keke napep na je wajen Kasuwar Shanu, inda mata masu nono suke zama. Na samu wata dattijuwa da cukwi fari a cikin ruwansa a ƙwarya, sabon yi. Dunƙule biyu da ɗan man shanu, duka bai kai kuɗin na kantin jiya ba. Ta ce in na tafasa shi na tsane zai kwana uku ko babu firji. Wutar unguwarmu dai sai addu'a, don haka na yi yadda ta ce.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na rubuta yadda na yi wainar ƙwan, kada in manta.

Ƙwai biyu. In an fasa, a sa cokali a cire farin zaren nan da ke manne da gwaiduwa, Innata takan ce shi ne uwar ƙarni. Ɗigo uku na lemon tsami. Albasa 'yar kaɗan, a yanka ƙanana sosai. Gishiri babu, likita ya hana. Cukwi kamar girman kwalin ashana, a goge shi a magogin kuɓewa a zuba cikin ƙwan a kaɗa tare. Rabin cokalin man shanu a kasko, wuta can ƙasa. In gefe ya kama a naɗe gida biyu a juya. Minti biyar an gama. Kwanon da aka kaɗa a wanke da ruwan sanyi nan take, ruwan zafi yana dafa ƙarnin a jikinsa.

Ta farko ta ƙone, don na tsaya jiran cukwin ya narke ya yi zare irin wanda nake gani a waya. Ashe namu ba ya narkewa, ko za a kwana a kan wuta. Ta biyu ta fito da kauri, dam, ba ta farfashewa. Ƙamshin man shanu ya danne komai, ko ni ban ji ƙarni ba.

Umara ya gutsura ya kai mata baki, ta karɓi loma biyu ta rufe ido. Biyu. Ya tafi da yamma, wai gobe suna da taro.

Litinin, 12 ga Mayu

Ba ta ci ba. Saura mako guda. Na ɗaga mata murya yau, na ce, "Iya, robar kike so?" Ban san ko ta gane ba. Na ji kunyar kaina daga baya.

Talata, 13 ga Mayu

Wani abu ya faru, ban gama fahimtarsa ba.

Na soya da safe kamar jiya. Saboda kaurinta cokali ba ya gutsurar ta da kyau, sai na yanka ta da wuƙa dogo-dogo kamar yatsu, guda shida. Na zauna gabanta na kai ɗaya bakinta, ta danne leɓe. Ana haka mai moya, mai kawo mana ruwa, ya buga ƙofa da kurar ruwansa. Na ajiye farantin a kan cinyarta na fita. Jarka ɗaya tana yoyo, rabi ya zube a hanya, yana so in karɓa a matsayin cikakkiya, muka tsaya muna ja-in-ja ya fi minti goma sha biyar.

Da na dawo, huɗu ne a farantin.

Na leƙa ƙarƙashin gado ina neman magen maƙwabta. Babu mage. Iya tana kallon rufin ɗaki kamar ba ta san an yi ba. Sai da na zo goge mata jiki na ga maiƙo a babban yatsanta da manuni na hannun dama, hannun da ya shanye, da ɓurɓushin ƙwai a kan zaninta. Na hagun a bushe yake.

Ban nuna na gani ba. Na goge na fita.

Laraba, 14 ga Mayu

Na gwada da gangan. Na ɗora matashi a cinyarta, na sa farantin a kai daidai gefen dama, na jera yankan yadda bakinsu zai ɗan leƙo waje. Na ce, "Iya, zan je in share tsakar gida," na saki labule. Na ɗauki tsintsiya na yi shara biyu don ta ji, sannan na laɓe ina leƙe ta gefen labulen. Allah ya yafe min.

Ta daɗe tana kallon ƙofa. Can ta fara jan hannun daga kafaɗa, a hankali, har ya hau matashin. Ta matse yanka ɗaya tsakanin yatsu biyun nan. Ya suɓuce. Ta sake, ya sake suɓucewa. A na uku ya kamu, amma hannun ba ya kaiwa baki, sai ta sunkuyo da kanta ƙasa ta tarye shi a hanya. Zufa har tana ɗiga daga haɓarta. Duk wannan wahalar, hannunta na hagu yana cuse a ƙarƙashin cinyarta, ta danne shi, ko taimako ba ta bari ya kawo ba.

Ashe abin da take gaya min ke nan tun makon jiya. Ba ciwo yake mata ba. Da hannunta take so ta ci, na dama. Matar da in jikanta ya miƙa hagu a cikin kwano sai ta buge hannun da ludayi, ita nake cusa wa cokali a hagu ina cewa ai lalura ce. In ta ƙi kuma in ɗaura mata tsumma a wuya in zauna ina lissafa mata loma, ni matar ɗanta. Tuwo ba ya dunƙuluwa da yatsa biyu, kunu ba ya ɗaukuwa, cokali ya yi mata santsi. Wannan ne abu na farko da ya shiga ɗakin wanda hannun zai iya riƙewa bai wargaje ba.

Na koma kicin na zauna a kan turmi. Tausayinta ya kama ni, da haushin kaina, duka biyun. Ta ci biyar cikin shida, a kusan awa guda.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na gaya wa Malam Pindar a zaure, ba a gabanta ba. Ya dafe kai. "Kai, kai, kai. Ni da nake motsa hannun nan kullum ban kawo wannan ba." Ya ce kada in cika mata ƙwai safe da rana da yamma, in nemi wasu abubuwan da za su riƙu. Na yi alale mai tauri na yanka haka, da dafaffen dankalin Hausa. Alalen ya karɓu. Dankalin yana murƙushewa, ta bar shi. Kunu kuma na zuba shi a ƙaramin kofin shayi mai mariƙi, rabi kawai, ta rataya babban yatsa a ciki. Rabin rabin a zani yake ƙarewa. Wanki ya ƙaru, ba komai.

Amma wainar ƙwai ita ce kan gaba. Na ƙara cukwin kaɗan, ta ƙara tsayawa. In ta huce ta fi kamuwa, don haka na daina kai mata da zafi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Umara ya dawo na ba shi labari. Ya ce ai ko malamai sun ce mai lalura ya ci da hagu babu laifi, ya shiga ya yi mata bayani mai tsawo. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce masa wata kalma guda, ya fito yana sosa ƙeya. Na tambaye shi me ta ce. Wai cewa ta yi ta riga shi sani.

Na hana shi zama a ɗakin lokacin cin abinci. Yau na koyi sunan ƙwai da na ruwa da Kanuri, na rubuta a bayan littafin nan.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yagana ta iso daga Kaduna jiya da yamma saboda asibitin gobe. Ta yi kuka da ta ga yadda Iya ta rame, ban ga laifinta ba. Yau da safe ta ga na ajiye faranti na fito, ta ce, "Anti Lauratu, haka kike barin ta ita kaɗai da abinci? Kuma ƙwai? Uwata da ƙwai?" Kafin in buɗe baki ta ɗauki cokali ta shiga.

Na bi ta na tsaya a ƙofa na ce ta fito. Ta ce uwarta ce. Na ce na sani, ta fito dai. Ban taɓa yi wa wani a dangin Umara magana haka ba. Ta fito tana huci, amma an riga an ɓata. Iya ba ta taɓa farantin ba sai bayan azahar, shi ma biyu kawai.

 Kwana biyar na cin abinci ba za su cike ramin wata biyu ba, na sani.

Litinin, 19 ga Mayu

Na soya da sassafe na sa a ƙaramar kula, don na san layin asibiti.

Sikeli ya nuna ta ragu, amma kaɗan, bai kai rabin kilo ba. Likita ya ce ragi dai ragi ne, ya fara rubutu. Ni da ba na magana a gaban likita sai ga ni na miƙe tsaye. Na ce ta fara ci ranar Talata, da hannunta, a ƙara mana mako biyu. Ya ce kowa haka yake faɗa in an zo maganar roba, shi sai ya gani da idonsa. Na ce ba ta ci a gaban mutane. Ya ce to.

Na roƙe shi ya sa a ja labulen gadon gwaji, shi ya tsaya ta baya inda akwai 'yar kafa. Ya kalli agogo, ya yarda da minti goma. Umara da Yagana suka fita baranda. Na naɗe ɗankwali na ɗora mata a cinya a madadin matashi, na jera yankan a murfin kula, na ce, "Iya, zan je in sayo ruwa." Na juya zan fita.

Sai na ji an riƙe min hijabi ta baya. Riƙon ba ƙarfi, ko numfashi na ja da ƙarfi zai suɓuce. Ta riga ta taɓa wainar, sannan ta saki ta kama ni, da yatsu biyun nan. Ta nuna min bakin gadon da ido. Na zauna. Na sunkuyar da kai ina kallon siminti, sai ta yi gyaran murya har sai da na ɗago.

Ta ci uku ina kallonta, ita ma tana kallona. Ɗaya ya faɗi a cinyarta, hannuna ya tafi zai ɗauka, na mayar da shi. Ta ɗauka da kanta.

Likita ya ce a dawo bayan mako uku. Babu roba.

Talata, 20 ga Mayu

Umara ya koma Damaturu. Yagana ta ce in nuna mata yadda ake soyawa, na nuna mata, tata ta farfashe. Cukwi ya ƙare, gobe sai Kasuwar Shanu.

Ba wai wani abu ya canja ba ne. Ɗazu da na shiga da faranti sai da ta shaƙi hannuna ta yatsina fuska, na koma na sake wankewa da lemon tsami. Na zauna a bakin katifa har ta gama, tunda dai babu abin da nake yi a waje.

Na yi wanki da rana, zannuwanta da nawa duka. Hijabin jiya yana nan rataye a bayan ƙofa da shatin yatsu biyu na man shanu a gefensa. Ban sa shi a ruwa ba. Bokitin ne ya cika.